Yadda Ake Koya Wa Karen Jamus Dabarun Wasa a Gidan Legas

Karen da 'yan Legas ke kira Alseshan, wasu su ce jaman shefad, asalinsa karen kiwo ne. Wani hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri a 1899, kuma abin da ya nema shi ne kare ma'aikaci, wanda zai yini yana bin tumaki, kunnensa na wurin makiyayi. Wannan hali har yau yana jininsa. Shi ya sa idan aka rufe shi a keji tun safe har dare a wani gida na Agege ko Idi-Araba ba tare da abin yi ba, sai ya samo wa kansa aiki: ya tauna tiyon ruwa, ya tone gindin fulawa, ya yi ta haushi har maƙwabta su kawo ƙara.

Akwai masu tsoron cewa wasa zai lalata kare ya daina gadi. Ba haka abin yake ba. Kishin gida halittarsa ce, miƙo ƙafa ko ɗauko ƙwallo ba sa cire masa shi. Abin da dabarun ke ƙara masa shi ne jin maganar mai shi, kuma ranar da ya yi kan baƙo ko yaron maƙwabta, wannan jin maganar shi ne zai tsayar da shi. Namiji babba yakan kai kilo 30 zuwa 40, mace kilo 22 zuwa 32. Dabba mai wannan nauyi da ba ta san “tsaya” ba haɗari ce ga mutanen gidan kansu.

Abin da za ka tanada

Na farko shi ne lada, wato ɗan abin da za ka riƙa ba shi idan ya yi daidai. Sayi rabin kilo na hanta ko huhu, a mayankar Oko-Oba ko wurin mahaucin unguwarku. Dafa shi da ruwa zalla na minti 15 zuwa 20, ba gishiri, ba magi, ba albasa. Idan ya huce a yanka shi ƙanana, girman ƙwayar wake, a baza a faranti ya sha iska har ya daina manne wa hannu. A firij zai yi kwana uku, amma idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ka dafa na yini ɗaya kawai. Hanta zalla da yawa tana sa zawo, saboda haka a gauraya ta da huhu ko tsokar kaza ko busasshen abincinsa na buhu. Duk ladan da zai ci a yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa, kuma a rage masa abincin dare gwargwadon abin da ya ci.

Tsire da kilishi ba na kare ba ne, komai sonsa da su. Akwai albasa da tafarnuwa a yajin, waɗanda ke lalata ƙwayoyin jinin kare, ga barkono ga gishiri. Haka nan cakulan, inabi, zabibi, goro da dafaffen ƙashin kaza, duk a nisanta su da shi.

Sai igiya mai tsawon mita biyu da abin wuya mai faɗi, ƙaramar jaka ko aljihun da za ka zuba lada, kwanon ruwa, da tabarma ko tsohon kafet. Tayil yana da santsi, kuma wannan iri an san shi da matsalar ƙugu da gwiwar ƙafar gaba, don haka duk dabarar da ke da juyi ko birgima a yi ta a kan ciyawa, yashi ko shimfiɗa.

Wanda ba ya son yawun kare ya taɓa masa hannu yana iya miƙa ladan da dogon cokalin katako, ko ya jefa a ƙasa gaban karen. Yawancin dabarun da ke nan za su yiwu a haka. Kwanon cinsa da na shansa su zama nasa shi kaɗai, a ware rigar da ake sawa lokacin horo, a wanke hannu da sabulu idan an gama.

Lokaci da zafin Legas

Kare ba ya zufa ta jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, kuma haki yana aiki ne idan danshin bakinsa na bushewa. Iskar Legas cike take da laima, don haka karen da zai jure ranar Kano a inuwa yana iya galabaita a nan ko da zafin bai kai na can ba. Ga shi kuma da gashi ninki biyu. Yi horo bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe takwas, ko gab da Magariba. Kafin ka fara, ɗora bayan hannunka a kan siminti ko intalok ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Idan ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu na dalala, yana neman inuwa ko yana tangaɗi, tsaya nan take, ka jiƙa masa ciki da hammata da ruwan famfo, ka sa shi gaban fanka. In bai dawo daidai cikin 'yan mintuna ba, sai wurin likitan dabbobi.

Zaman horo ɗaya kada ya wuce minti biyar, ɗan kwikwiyo kuma minti biyu zuwa uku. Sau biyu ko uku a yini ya isa. A yi kafin cin abinci, lokacin da yake da marmari. Bayan ya ƙoshi a bar shi ya huta aƙalla awa biyu, domin karnuka masu zurfin ƙirji irinsa suna da haɗarin kumburin ciki da murɗewar tumbi, ciwon da ke kashewa cikin sa'o'i kaɗan.

Kalmar yabo, wadda komai ya rataya a kanta

Kare ba ya haɗa lada da abin da ya yi sai in ladan ya biyo baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kafin ka laluba aljihu ka ciro hanta, ya riga ya tashi, ya juya, ya shinshina ƙasa, sai ya ɗauka don shinshinar aka ba shi. Maganin wannan shi ne kalma guda gajera da za ka faɗa daidai lokacin da ya yi abin da kake so, sannan ladan ya biyo. “Yawwa!” ta isa, in dai za ka riƙa faɗinta da murya iri ɗaya.

Ga yadda ake dasa ta. Tsaya gabansa a wurin da ba hayaniya. Ka ce “yawwa”, ka ɗan dakata kamar ƙiftawar ido, sannan ka ba shi guda ɗaya. Maimaita sau goma sha biyar. Kada hannunka ya motsa kafin kalmar ta fita, in ba haka ba hannun zai riƙa kallo, ba zai ji kalmar ba. Yi haka zama uku ko huɗu. Gwajinsa shi ne ka bari sai ya kau da kai, ka ce “yawwa”. In ya waiwayo da sauri kunnuwa a miƙe, ta zauna. Daga nan duk lokacin da ka faɗe ta, dole ka biya, ko da kuskure ka faɗa.

Ƙa'ida biyu za su bi ka a kowace dabara. Ta farko, ba a sa wa aiki suna sai kare ya iya shi. Ka fara jan shi da lada a hannu, in ya yi sau biyar zuwa goma, ka yi motsin da hannu ba komai a ciki, ka biya daga aljihu. Sai ya saba da wannan sannan ka fara faɗin kalmar umarni sau ɗaya, ka dakata daƙiƙa guda, ka yi alamar hannu. Ta biyu, in ya yi daidai sau takwas cikin goma, ƙara wahalar kaɗan. In ya kasa sau biyu a jere, koma matakin baya.

Zauna da kwanta

Waɗannan su ne tushe, kuma ba sa ɗaukar lokaci. Sa lada dab da hancinsa, ka ɗaga a hankali sama da baya zuwa tsakanin kunnuwansa. Kai zai ɗaga, gindi zai sauka. Da ya taɓa ƙasa ka ce “yawwa”. In yana tsalle, hannunka ya yi sama da yawa. Domin kwanciya, daga zaune ka sauke ladan kai tsaye zuwa tsakanin ƙafafunsa na gaba, sannan ka ja shi kaɗan zuwa gare ka. Sai gwiwoyin gaba sun taɓa ƙasa za ka yaba. Kada ka danna masa baya da hannu, turowa zai yi.

Miƙo hannu

Sa shi ya zauna. Dunƙule lada a hannunka, ka riƙe a daidai ƙirjinsa, ɗan gefe kaɗan domin nauyinsa ya koma kan ƙafa ɗaya. Zai shinshina, ya lasa, ya tura da hanci. Yi shiru, kada ka buɗe. A ƙarshe zai ɗaga ƙafa ya taɓa hannun, nan take ka ce “yawwa” ka buɗe. In bai ɗaga ba sam, ka yaba ko da ɗan sassauta ƙafar ya yi daga ƙasa, ka gina a kai. Bayan ya gane, miƙa buɗaɗɗen tafi ba komai a ciki, sannan ka sa kalmar “hannu”.

Abin da ke lalacewa a nan shi ne, kare ya fara kai wa kowa ƙafa ba a tambaye shi ba, ya yagi yaro ko ya ɓata wa baƙo farar shadda. Dalili shi ne wani a gidan yana biyansa idan ya yi hakan da kansa. Duk miƙowar da ba a nema ba, a juya masa baya, ba magana, ba lada. A kuma riƙa yanke masa farce.

Zagaya da rusuna

Zagaya mai sauƙi ce. Yana tsaye, ka sa lada a hancinsa ka ja shi a hankali cikin babban da'ira zuwa wajen wutsiyarsa har ya dawo. In ya yanke a rabi, ka fara biyan rabin. Koya masa hagu da dama da kalmomi dabam, kuma kada ka wuce sau uku ko huɗu a zama ɗaya. Karen da ke da ɗabi'ar bin wutsiyarsa yana juyawa shi kaɗai kada a koya masa wannan, domin a cikin wannan iri akwai waɗanda abin ke zame musu ciwo.

Rusuna kuwa ita ce gaisuwar da baƙi suka fi sha'awa: ƙirji a ƙasa, gindi a sama. Yana tsaye, ka sauke lada zuwa ƙasa tsakanin ƙafafun gaba, ka tura kaɗan zuwa ƙarƙashin ƙirjinsa. Da gwiwoyin gaba sun lanƙwasa ka ce “yawwa”, ka jefa ladan gaba domin ya miƙe ya bi. Jefawar ita ce sirrin. In ka ba shi a wurin, zai ƙarasa kwanciya. Wanda ke yawan zubewa, sa hannunka ɗaya ƙarƙashin cikinsa ba tare da ka ɗaga shi ba. Hanya ta biyu ita ce ka jira shi da safe lokacin da ya fito daga keji yana miƙa, domin wannan miƙar ita ce rusunawar, ka yaba a daidai lokacin.

Birgima

Nan ne yawancin mutane ke gajiya, saboda suna son kare ya yi ta gaba ɗaya a rana guda. Mataki uku ce, kuma kowane yana iya cin kwana biyu ko uku.

Sa shi ya kwanta a kan tabarma, ka durƙusa gefensa. Duba wane ƙugu ya jingina a kai. In a kan na hagu yake, ta hagu zai fi sauƙin faɗuwa. Mataki na farko: sa lada a hancinsa, ka ja zuwa kafaɗarsa ta dama har wuyansa ya lanƙwasa, nauyinsa ya koma kan ƙugun hagu sosai. Yaba, biya. Mataki na biyu: ci gaba da jan ladan daga kafaɗa zuwa ƙashin bayansa har ya kwanta a gefe, kafaɗa a ƙasa. Biya shi yana kwance a haka, kansa a ƙasa. Idan ka tsaya a nan ka riƙa jinkirta yabon daƙiƙa biyu, uku, biyar, ka sami wata dabara dabam, wato kwanciya kamar ya mutu, kana iya sa mata kalmar “barci”. Mataki na uku: daga kwanciyar gefe, ka ja ladan ta saman bayansa zuwa ƙasan ɗaya gefen. Ƙafafu za su tashi sama su faɗa can. Karo na farko da ya yi, ba shi guda biyar ɗaya bayan ɗaya, ka rufe zaman.

In yana zabura ya miƙe, hannunka ya yi sauri ko ya yi nisa da hancinsa. In ya ƙi buɗe ciki sam, ko dai bai sake da wurin ba, domin kare ba ya nuna cikinsa inda yake jin tsoro, ko kuma ƙasa na ƙuna masa ƙashin baya. Kada ka kama ƙafafunsa ka juya shi da ƙarfi, yana iya cizo, kuma amincin da kuka gina zai rushe. Karen da ke nishi idan zai tashi, ko yake gudu yana haɗa ƙafafun baya wuri guda, a kai shi a duba ƙugunsa kafin a ci gaba.

Ɗauko da saki

Fara da zaɓen abin wasa. Igiya mai kauri da aka ƙulla, ko tsohon tawul da aka ɗaure tamau, ko ƙwallon roba da ya fi ƙarfin haɗiya. Ƙwallon tanis ya yi wa babban kare ƙanƙanta, yana iya maƙale masa a maƙogwaro. Kada ka taɓa ba shi tsohon silifas. Ba ya bambanta tsoho da sabo, kuma takalman da ake jerawa a bakin ƙofar falo su za su biya kuɗin.

Tanadi abin wasa biyu iri ɗaya. Ka kaɗa na farko a ƙasa har ya cafke, ku ɗan yi ja-in-ja na daƙiƙa biyar. Sai ka tsayar da hannunka cik, ka manna igiyar a cinyarka domin wasan ya mutu, ka fito da na biyu ka kaɗa. Da ya buɗe baki ka ce “yawwa”, ka ba shi na biyun. Bayan ya saba, sa kalmar “saki” kafin ka tsayar da hannu. Wannan kalma ce za ta cece ka ranar da ya ɗauki mushen ɓera da aka sa wa guba, saboda haka ka ba ta lokaci.

Sannan jifa. Fara a lungu ko siririn wuri tsakanin gini da katanga, inda ba shi da hanyar wucewa sai ta wurinka. Jefa mita biyu kawai. Da ya ɗauka, ka ja da baya kana tafi kana kiransa. Ya iso, “saki”, “yawwa”, sai ka jefa na biyun. In ya ɗauka ya gudu, kada ka bi shi, domin bin nasa wasa ne da ya fi ɗaukowa daɗi a wurinsa. Sa masa doguwar igiya mai mita biyar ka jawo shi a hankali. In yana yar da abin kafin ya iso, ka rage nisa, kuma kada ka miƙa hannu da wuri. Ka jefa ƙasa-ƙasa yadda abin zai gangara. Tsalle sama da dirowa ba su dace da karen da bai kai wata 15 zuwa 18 ba, ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Kwikwiyon da ke canza haƙori, tsakanin wata huɗu zuwa bakwai, a sassauta masa ja.

Nemo

In dabara ɗaya kawai za ka koya masa bayan “saki”, to wannan ce, domin aikin hanci yana gajiyar da shi ba tare da ya ɗauki zafi ba, kuma ana yinsa a baranda ko da ruwan watan Yuni na zuba.

Sami kofunan roba uku, ka huda gindin kowanne. Kife ɗaya a kan lada yana kallo, ka ce “nemo”. Da ya taɓa da hanci, “yawwa”, ka ɗaga. Ƙara kofi na biyu da na uku babu komai a cikinsu, sannan ka fara sauya musu wuri. Daga nan wani ya riƙe shi, ka ɓoye lada bayan tukunyar fulawa, ƙarƙashin benci, bayan tayar mota, ka sake shi. Kada ka nuna masa da yatsa idan ya rikice, zai koma dogaro da hannunka ya bar hancinsa. Yi shiru ka bar shi ya yi aiki, in abin ya gagara ka sauƙaƙa na gaba.

Domin ya nemo makulli, ɗaura wa makullan ɗan ƙyalle da ka riƙe a hannu ya ɗauki ƙanshinka, tunda yawancin karnuka ba sa son ƙarfe a baki. Ka biya shi idan ya shinshina ƙyallen, sannan idan ya ɗauka, sannan idan ya kawo. Bayan haka ka ajiye a fili mita uku, ka ƙara nisa, ka fara ɓoyewa.

Haushi da shiru

A unguwar da gidaje ke manne da juna, “shiru” ta fi “haushi” amfani. Sa wani ya ƙwanƙwasa get. Bar shi ya yi haushi biyu ko uku, ka sa lada a hancinsa. Ba zai iya shinshina da haushi lokaci guda ba. Da ya yi shiru daƙiƙa biyu, “yawwa”. Ka riƙa tsawaita shirun zuwa biyar, zuwa goma, sannan ka sa kalmar. Daka masa tsawa ba ya aiki, a wurinsa kai ma haushin kake taya shi.

Idan ya iya a tsakar gida ya manta a waje

Kare yana haɗa abin da ya koya da wurin da ya koye shi. Kowace dabara sai an sake ta a bayan gida, a bakin get, lokacin da janareta ke ƙara, lokacin da yara ke guje-guje, lokacin da ɗanfo ke hon a titi. A sabon wuri koma mataki mafi sauƙi ka ƙara yawan lada. Fita da shi waje kuwa sai ya gama alluran kwikwiyo da ta ciwon hauka, wadda ake yi daga wata uku, kuma a duba kunnuwa da tsakanin yatsunsa saboda kaska idan an dawo. Karen da ya saba da zafin nama sai kwatsam ya yi sanyi, ya ƙi lada, dasashinsa ya yi fari, a zargi zazzaɓin kaska kafin a ce taurin kai ne.

Wata matsalar kuma bakin mutanen gida ne. Maigida ya ce “zauna”, maigadi ya faɗa da Turanci, yaran su faɗa da Yarbanci. A rubuta kalmomin a takarda a manna kusa da keji, kowa ya riƙe su. In an sayo karen da horonsa a wani yare, a bar masa kalmomin da ya sani, a ƙara sababbi a kai.

Lada ba a yanke shi gaba ɗaya, ana dai rage shi. Idan dabara ta zauna a wurare uku ko huɗu, fara haɗa biyu kafin ka yaba: zauna, hannu, “yawwa”. Sannan uku. Wani lokaci ka biya da hanta, wani lokaci da jifan ƙwallo, wani lokaci da buɗe masa ƙofa ya fita tsakar gida. In ka ga yana hamma, yana lasar leɓe, yana soshe-soshe ko kau da kai a tsakiyar horo, kansa ya cika. Nemi abu mafi sauƙi da ya iya, ka biya, ka ce “shi ke nan”, ka ba shi ruwa, sai zama na gaba.